Kiran da ke yankewa

Ya jama'a, ku ji abin da ya same ni yau.

Maigidana yana yankan riɗi a jejin Gadambaliya. Saboda 'yan fashi muka yi da shi, in ya kira ya kashe, to ba lafiya. Yau da hantsi wayata ta yi ƙara da lambarsa, ta yanke. Na kira, shiru. Na ruga wajen Yaya Usman, muka hau mota, ina kuka duk hanya.

Muka tarar da shi yana shan shayi!

Ya ce, "Sukari zan ce ki aiko, kiran ya yanke da kansa."

Yaya ya ce, "Kamfanin layinki da na nasa ke rigima kan kuɗin haɗa kira, suna datse wa juna."

Shigowata gida ke nan, wayar ta sake yin ƙara da lambarsa, ta yanke.