Firaministan da Ya Ƙi Sa Hannu

A ƙauyenmu da ke kusa da Ollelewa, in an gama yankan gero aka ɗaure dammuna, aikin da ya rage mana mu yara shi ne ɓarar gujiya. Da an sallame Magariba sai Kaka Dije, mahaifiyar babana, ta hura wutar kara a bakin ɗakinta, ta juye mana gujiya a tabarma. Mu shida ne jikokinta a gidan, amma ni ke zama jikin ƙafarta, don sunanta na ci. "Takwara, matso," haka take cewa, "ke kaɗai ce ba ki cinye rabin aikinki." Ba gaskiya ba ne, ina ci kamar kowa, iyaka na fi su iya ɓoye baki.

Labaranta da yawa na dabbobin daji ne da aljanun rijiya. Amma akwai guda da ba dabba ko ɗaya a ciki, shi muke roƙo. Ta ce a bakin kakanmu ta ji shi, lokacin da yake fatauci zuwa ƙasashe masu nisa. Baffana kuwa cewa yake yi daga rediyo ta tsinto shi ta yi masa faci. In za ta fara sai ta ce, "Ga ta nan tafe da ƙafarta, ku ba ta hanya." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo ta zauna."

A wata ƙasa, in ji Kaka, zamanin da nasara ke mulki, an aiko wa wani mai gari ya ba da yara biyu a kai lakwal, wato makarantar boko. Ya ɓoye nasa, ya ba da Ilu ɗan mai haƙar rijiya da Sanda ɗan makiyayi. Tabarma ɗaya suka kwana a kai shekara da shekaru. Ranar da kunama ta harbi Ilu a hanyar dawowa hutu, Sanda ne ya goya shi har gida. Da suka girma duka biyu suka zama mushe, wato malaman lakwal, suna koyar da yara, suna kuma yawo kasuwa-kasuwa suna gaya wa mutane lokaci ya yi da ƙasa za ta koma hannun 'ya'yanta. Ilu ya fi iya magana a hankali, Sanda ya fi zafi. Aka zaɓi Ilu ɗan majalisa, daga nan minista. Ranar da nasara ya naɗe tutarsa ya tafi, shugaban sabuwar ƙasar ya kira Ilu ya ba shi kujerar firaminista.

"Kaka, mene ne firaminista?" ƙanena Sani ya taɓa tambaya.

"Wanda ke ɗauke da kayan, wani na bisa raƙumin," ta ce. "Ɓare gujiyarka."

Shekarun farko ya yi aiki. Ya sa aka haƙa rijiyoyi, aka buɗe lakwal a garuruwan da ba su taɓa ganin alli ba. Amma shi da Sanda sun rabu, kowa da jam'iyyarsa, har gaisuwa ta koma ta saƙo. Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke gero na cikin bunƙasa. Gwamnati na da hatsi a rumbunanta, amma manya suka ce in an buɗe, duniya za ta ce sabuwar ƙasa ta kasa ciyar da kanta. Sanda ya hau kan turmi a tsakiyar kasuwa ya ce ana yunwa, kuma ga hatsi a kulle. Shugaban ƙasa ya fusata. Ya aika wa Ilu takardar da za a kai Sanda gidan kaso can cikin hamada, ya ce kwana uku ya ba shi ya sa hannu.

A nan Kaka kan tsaya ta gyara wuta, mu kuwa hannuwanmu sun daina aiki.

Ilu ya shiga mota ya tafi garinsu. Ya tarar da uwarsa tana tankaɗe, ita da ta ƙi bin sa birni tun farko. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kwashe komai ya gaya mata: in ya ƙi sa hannu kujera ta tafi, rijiyoyin da ya fara ba mai ƙarasa su, kuma wani zai sa hannun ko shi bai sa ba. Kaka kan sirantar da murya in ta zo kan maganar tsohuwar.

"Ilu, abin da Sanda ya faɗa a kasuwa, ƙarya ne?"

"A'a, Inna. Gaskiya ne."

"To me ya kawo ka?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Ilu ya koma birni. Kwana ɗaya ya rage masa, sai ya yi amfani da shi ya ba da umarni a buɗe rumbunan hatsi, amalanke da raƙuma suka yi ta ɗiba. Takardar Sanda kuwa ya mayar da ita fara yadda ta zo. Kafin sati ya zagayo an sauke shi. Wanda ya gaje shi ya sa hannu, jandarmomi suka tafi da Sanda. Ilu ya koma koyar da yara a rumfar zana, waɗanda da suke cire takalmi tun daga nesa suka koma sake hanya in sun hango shi.

"To ai bai yi amfani ba ke nan!" na ce mata ran da na fara jin labarin, har da hawayena. "An kama Sanda duk da haka."

"Ni ma ban ce ya yi amfani ba, takwara. Bari in sauke kayana tukuna."

Bayan shekara bakwai aka saki Sanda, ya rame, idanunsa sun kusa mutuwa. Bai nufi gidansu ba sai da ya sa aka kai shi rumfar Ilu. Ya ce masa, "Ran da suka zo kama ni na ce a nuna mini takardar. Ban karanta laifina ba, ƙasanta kawai na duba. Da na ga ba hannunka ba ne, na ce mu tafi. Da shi na yi guzuri shekara bakwai." Nan Kaka kan tafa hannu ta ce ta sauke, mai son ƙari ya zo gobe da gujiyarsa.

Kaka ta rasu ina ajin ƙarshe na koyon malanta a Damagaram. Shekaru bayan haka, ina shugabar wata lakwal a wajen Belbeji, wata malama ƙarama ta tashi a taron iyaye ta ce abincin da ake aiko wa yara ba ya isowa cikakke. Gaskiya ta faɗa, ni ma na sani. Wani babba ya aiko mini rahoto an riga an rubuta, wai ba ta zuwa aiki, saura hannuna. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, kwana biyu takardar na cikin jakata, har na taɓa cire murfin biro. Ina da yara huɗu, ga mijina ba lafiya. A rana ta uku na mayar da ita ban sa hannu ba. Aka ɗauke malamar duk da haka, ni kuma aka tura ni wani ƙauye can wajen Tenhiya, inda na yi shekara huɗu.

Ba wanda ya zo ya gode mini. Malamar ma ban tabbata ta san abin da ya faru ba, ban kuma taɓa gaya mata ba. Ina yarinya na ɗauka daɗin labarin Kaka yana wurin dawowar Sanda. Yanzu na gane ta ƙara mana wannan ne don mu yara ne, kada mu tashi da kuka. Abin da take son mu riƙe ya ƙare tun a tambayar tsohuwa mai tankaɗe. Bara na haɗu da malamar a kasuwar Tanut, tana zaɓen tabarma. Ta ɗago muka haɗa ido, na kira sunanta da ƙarfi tun daga nesa, muka tsaya muka gaisa har aka fara ture mu a hanya.