Kacici-kacicin da Bai Ci Gari ba

A tashar Dutsin-Ma muna jiran motar Kurfi ta cika, ga wani sanye da kwat cikin wannan zafi, biro uku a aljihu. Daga gani malami ne da ɗalibai suka gaji da shi. Yana ɗaga yatsa:

"A haɗa ɗaya da biyu da uku, a yi ta haɗawa ba iyaka. Nawa ke nan?"

"Ba ya ƙirguwa," in ji wata Hajiya mai buhun gero.

Bakinsa har kunne. "Ƙasa da sifili ne, da ɗaya bisa goma sha biyu. Sai wanda ya yi karatu. Ba ni gari."

Hajiya tana gyara mayafi. "Malam, kacici-kacici da hankali ake cinsa. Naka haddar littafi ce. Ko kango ba zan ba ka ba."