Cokulan Malam Haruna

Duk wanda ya taɓa cin abinci a ɗakinmu na unguwar Mansura a Doha ya san da hannu ake ci, ko da farfesu ne yana tururi. Ba wai al'ada muke rayawa ba, cokulan ne babu. Duk cokalin da ya yi kuskuren shigowa gidan nan, kwana biyu za ka tarar Malam Haruna ya datse masa mariƙi da zarto, ya huda shi, ya ɗaura masa ƙugiya, wai ya zama abin yaudarar kifi.

Malam Haruna mutumin Yawuri ne, ɗan masunta jikan masunta, neman abinci ya kawo shi Doha yana gadin wani ɗakin ajiyar kaya a Al Rayyan. Ni kuwa Sabi'u direba, ni Allah ya jarabta da kai shi bakin teku a Wakra duk ranar hutu. Kowa a wurin jatan lande yake soka wa ƙugiya, ya cika bokiti ya kama gabansa. Malam kaɗai ke jefa cokali ya jawo, ya jefa ya jawo, har rana ta gaji da kallonsa.

Na ce, "Malam, ka sa ƙoto mana kamar kowa."

Ya ce, "Sabi'u, ƙoto na ƙananan kifaye ne. Babban kifi ba yunwa ke damunsa ba, zalunci ne. In ya ga abu yana ƙyalli yana ɗingishi kamar mara lafiya, sai ya far masa."

"To shekara biyu kenan, ba ka gamu da azzalumi ko ɗaya ba?"

"Nazarina suke yi."

In kuwa tsautsayi ya sa wani ɗan ƙaramin kifi ya kama, sai ya cire shi a hankali, ya dube shi ido cikin ido, ya ce, "Je ka turo min babanka," ya mayar da shi ruwa. Mu koma gida mu ci shinkafa da mai da yaji. Uban kuwa, da alama ba a isar masa da saƙon.

Kada ku ɗauka wasa ne kawai. Yayansa Ɗanjuma ne ya taɓa ce masa a waya, "Ɗan masunta ya koma gadin yashi." Nan take Malam ya rantse ba zai sake taka Yawuri ba sai da hotonsa riƙe da hamur, wannan ƙaton kifin na nan mai faɗin baki, wanda tsayinsa ya kai daga yatsa zuwa kafaɗa, kuma da cokali zai kama shi. Hutu ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Na ce ya yi kaffara ya je ya ga mahaifiyarsa. Ya ce kaffara ta waɗanda suka kasa ce.

Da korona ta zo aka kulle kowa a gida, muka ce alhamdu lillahi, ko ba komai cokula za su huta. Ina! Sai ya cika bahon wanki da ruwa ya buɗe mana makaranta. Farin cokali na safiya ne in ruwa ya yi garau. Mai ruwan tagulla sai ruwa ya gurɓace. A ja sau uku, a tsaya sau ɗaya, don a wannan tsayawar ce azzalumi ke yanke shawara. Har takunkumin fuska ya yayyanka ya yi wa cokulan jela. Da yamma ya hau saman bene yana gwajin jifa, ranar nan ƙugiya ta ɗauko zanen wani maƙwabcinmu ɗan Bangaladash daga kan igiyar shanya. Mutumin yana ta ihu a ƙasa, Malam yana jawowa a tsanake yana ce min, "Ka ga yadda ake yi? Ba a gaggawa." Zuwa lokacin, wannan zanen shi ne abu mafi girma da ya kama a Ƙatar.

Sai ga Kofin Duniya, gari ya cika maƙil. Kafil ɗinsa, wato ubangidansa na wurin aiki, ya ba shi tikitin kallo kyauta, ya miƙa wa wani ya ce, "Ƙarti ashirin da biyu suna bin abin da ba a miya da shi. Yalla, Sabi'u, yau duk masunta suna filin wasa, teku tawa ce."

Abin da bai sani ba, da safen nan Inna, mahaifiyarsa, ta sa an kira ni a waya. Ta ce, "Sabi'u, ka faɗa wa Haruna idona ya fara dushewa. Ina so in gan shi tun ina iya gani." Na san in na faɗa masa zai ƙara taurin kai ne yana kuka a ciki. Sai na biya na sayi jatan lande guda uku, na ƙunshe a aljihu.

La'asar ta yi, ya miƙo min sandar fatsa ya tafi salla. Na soka ƙaton jatan lande a ƙugiyar cokalin, na jefa gefen duwatsu, na bar shi ya nutse. Ya dawo yana faɗa, "Wa ya ce ka bar min cokali ya kwanta?" Ya fizge sandar, ja ɗaya ya yi ta lanƙwashe kamar baka. Wayyo jama'a, ku zo ku ga dambe! Hularsa ta faɗa ruwa, takalmi ɗaya ya bi ta, yana ta kiran sunan kakanninsa. Da kifin ya fito, daga yatsa har kafaɗa, har da ƙari. Ƙoton kuwa ya haɗiye shi, babu shaida. Na ɗauki hoto, Malam yana hawaye yana cewa, "Ka ga ilmi ko? Uban ne ya zo da kansa."

Sati uku muka yi muna shan lacca kan falalar cokali, ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ana gama gasar ya tafi gida.

Bayan 'yan watanni ya turo min saƙon murya daga Yawuri. Ya ce, "Sabi'u, na nuna wa Yaya hoton, bakinsa ya mutu murus. Inna ta gan ni, har ta ce na yi furfura. Af, kuma in za ka sake yin ha'inci, ka riƙa wanke hannu. Kwana uku sandata tana ƙarnin jatan lande. Na gode, ƙanena." Ashe tun a bakin teku ya sani, ya bar ni ina gyaɗa kai. Wannan ce muryarsa ta ƙarshe da na ji, zazzaɓin kwana biyu ya tafi da shi a ɗakin Inna.

Yanzu cokula sun fi dozin a ɗakinmu, babu mai taɓa su da zarto, kuma wallahi ba na jin daɗin ganinsu. Allah ya jiƙan Malam Haruna, ya yafe masa cokulanmu kamar yadda muka yafe, ya shayar da shi daga Alkausara, ya ba Inna haƙuri. Amin.