Ranar da aka kawo min mara lafiya a Nima

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun tamanin, na dawo unguwarmu Nima hutu daga karatu a waje. Bincikena a kan wata halitta ne mai yauƙi da ke rayuwa cikin ruɓaɓɓen ganye. Ƙwayoyinta na da wani sinadari, mayosin, irin wanda ke sa tsokar mutum motsi. Na yi wa mahaifiyata bayani sau ɗaya, tana dama koko. Abin da ta riƙe shi ne, ɗanta ya san abin da ke motsa jiki.

Wata safiya ina cin wake da shinkafa a tsakar gida sai ga tasi a ƙofa. Ƙawar mahaifiyata ce daga unguwar Maamobi, an tallabo mata mijinta, tsohon tela, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. 'Yan hayar gidanmu suka fito kallo.

"Ɗana, ga babanka," in ji ta. "An ce kai ne ka karanta motsin jiki. Hannun nan da shi muke ci."

Na ajiye cokalin. Na dubi mahaifiyata, tana ta murmushi.

"Mma, ni ba likita ba ne," na ce wa matar. "Yauƙin ruɓaɓɓen ganye nake dubawa."

Mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe baki. Da ƙasa za ta buɗe, da na shige.

Tsohon ne ya yi magana, da ƙyar, bakinsa a karkace. "Me kake gani a ciki?"

Na ce idan aka cire wa ƙwayar wannan sinadari, tafiya sai da ƙyar, kuma ba ta iya rabuwa biyu.

"Kana iya mayar mata?"

"A ƙwayar, ana iyawa, Baba. A mutum, ban sani ba."

Ya gyaɗa kai. "To, ka ci gaba da dubawa."

Washegari na raka su asibiti, na yi musu tafinta wajen likita. Hannun bai dawo ba har ya rasu.

Na tsufa a wannan aiki, kuma ina son sa. Amma har yau, in wani ya kira ni Dakta a Nima, sai na yi sauri na ce ba na asibiti ba ne, tun kafin ya sa rai.