Kwantak a Ido, Gari a Rufe

Shekaru sun wuce, abubuwa da yawa sun shafe a raina, amma kwanakin da dokar hana fita ta rutsa da ni a Yakasai har na kusa rasa idona na hagu, su kam sai dai in an kai ni kabari.

Tun ina firamare ba na gani daga nesa. In na cire tabarau, ko mahaifiyata sai ta matso nake gane ta. Da na fara aikin koyarwa sai na gaji da gilashin nan mai kauri kamar gindin kwalba, na je wurin likitan ido. Ya ce hanya uku ce. Ko in ci gaba da tabarau, wanda ba ya cutarwa sai dai nauyi da fashewa. Ko kwantak, ɗan faifan roba mai laushi da ake ɗorawa a kan baƙin ido, amma dole a cire shi kafin barci a jiƙa a ruwan maganinsa. Ko kuma aikin leza, a gyara idon da haske a huta, sai dai wasu kan yi fama da bushewar ido bayansa, kuma ba kowane ido ne ya dace da shi ba.

Yayana, da ke fatauci zuwa Masar, ya ce zai tafi da ni a yi lezar a can. Baba ya ce, "Wuta a cikin ido? Ba da yawuna ba." Ni ma tsoron nake ji, don haka na zaɓi kwantak, ina ganin na bi hanyar da ba ta da haɗari.

Lokacin nan ne ake fama da tashin bama-bamai a Kano. Wata rana da la'asar na bar gidanmu a Dukawuya na je Yakasai gaida gwaggona, tsohuwa mai ciwon gwiwa da ke zaune ita kaɗai. Niyyata in koma kafin magariba, shi ya sa ban ɗauki tabarau ba, balle ruwan maganin. Muna cikin hira muka ji wata ƙara da ta sa ƙasa ta zubo daga azara. Kafin mu gama salati aka sake wata, sai harbe-harbe. Rediyo ta ce ba shiga ba fita, sai abin da hali ya yi.

Na san ƙa'idar kwantak sarai. Amma duk sanda na kai hannu zan cire, sai in ji harbi ta wajen Ƙofar Nassarawa, in ce a raina: in gudu ya kama, wa zai ja wani? Ita ba ƙafa, ni ba ido. Haka na riƙa kwana da shi. Da idon hagu ya fara ƙaiƙayi na cire na sa a ruwan randa cikin kofin shayi, gari ya waye na mayar. Yanzu na san da na bar shi a cire da ya fi, amma mai jin tsoro ba ya lissafi irin na mai zaune lafiya.

Daga ƙaiƙayi sai zafi, kamar an watsa min barkono. Idon ya kumbura, hawaye ba tsayawa, ko hasken tsakar gida ba na iya kallo. Gwaggo ta buɗe min shi da yatsu ta duba.

"Gwaggo, me kika gani?"

"Wani ɗan fari ne a tsakiya, 'yar nan. Kawo in sa miki kwalli."

Na ƙi. Na zauna a ƙuryar ɗaki ina rufe idon dama in gwada na hagu, kullum hazon ƙaruwa yake. Na daina jin tsoron harsashi, na koma tunanin yadda zan tsaya gaban allo ina lalube.

Da aka sassauta dokar na ɗan lokaci, yayana ya zo a ƙafa. Na lulluɓe fuska da mayafi saboda rana, na riƙe gefen rigarsa. A shingen jami'an tsaro kowa sai ya ɗaga hannu sama, dole na sake shi, na ci gaba da tafiya ba na ganin inda nake sa ƙafa. Sai na ji an daka tsawa: "Ke mai rufe fuska, tsaya nan!" Na ji ƙarar bindiga ana gyara ta. Na yaye mayafin. Mutumin ya matso ya dubi idon, muryarsa ta sauka. "Kai ta asibiti maza," ya ce wa yayana.

Likita ya ce gyambo ne ya fito a baƙin idon, da na ƙara jinkiri da sai dai haƙuri. Na daɗe ina ɗiga magani kafin ya warke, ya bar tabo. Da na tambaye shi batun leza, ya girgiza kai. "Malama, da kafin wannan ne da idonki ya dace. Yanzu na hagun ba zan ba ki shawarar a taɓa shi ba."

Daga baya ƙanwata ta yi lezar, tana gani garau, sai ɗan maganin bushewa da take ɗigawa. Ni kuwa tabarau na koma, kuma duk inda za ni akwai na biyu a jaka.

Abin da na koya shi ne, ba abin da ya fi ban tsoro a kunne ne ya fi haɗari ba. Kowace hanya da sharaɗinta. Kafin ka zaɓa, tambayi likita abin da ya dace da idonka, sannan ka tambayi kanka ko za ka iya cika sharaɗin ranar da gari ya rikice, ba ranar da komai ke lafiya kaɗai ba.