Hannun da Yaya Ta Ɗora a Kafaɗa

Ke, rage muryar rediyon nan ki matso. Kin tambaye ni me ya sa Yayata, Allah ya jiƙanta, ba ta yi wa mutum magana sai ta dafa masa kafaɗa. Kuna yara har kwaikwayonta kuke yi kuna dariya. To ba tsufa ba ne, aiki ne ya koya mata.

Ni da ita a ɗakin wankin wani babban otal muka yi aiki, can ƙasa, inda ko taga babu. Ni ina kan guga, ita tana kan injinan wanki. Doguwa ake ce mata. Mace ce mai ƙashi, ƙullin jiƙaƙƙun zannuwan gado da mutum biyu ke ciccibawa ita kaɗai take sunkuta. Tana goyon ɗanta na fari ta shiga wurin, har ya yi gemu tana nan. Da aikin nan ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, ba ta da wata madafa.

Injinan nan in suka tashi juyawa, ƙasa ma rawa take, ko ihu kike yi ba mai ji. Shi ya sa muke da yadda muke yi. In kina da magana sai ki je ki dafa kafaɗar mutum, ya juyo ya kalli bakinki. Ita kuwa Yaya injin ya riga ya cinye mata kunnen hagu, na dama ma saura kaɗan.

Sai aka kawo mana sabuwar shugaba daga sama, wajen ɗakunan baƙi. Mai Makullai muka sa mata, don tarin makullan da ke ƙugunta. Takan tsaya daga bakin ƙofa, hankici a hanci wai warin bilic ɗin da muke wanki da shi, ta yi ta kiran Yaya. Yaya ta ba ƙofa baya, ina za ta ji? Sai matar ta haura ta ce wa manaja Doguwa girman kai gare ta. Ni da kaina na tare ta na gaya mata yadda muke yi da halin da kunnen Yaya yake ciki. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ita ba a ɗauke ta aikin shafa kafaɗar masu wanki ba.

Daga nan ta daina yi wa Yaya magana gaba ɗaya. Ga su tsaye kusa da juna, sai ta ce wa wata, "A gaya wa waccan ta fara da tawul." Saƙo ya bi baki zuwa baki, kafin ya isa ya zama labule. A wanke labule, a ce Doguwa ta ƙi bin umarni.

Abin ya dami Yaya. Ta ce mini, ke, wannan yarinyar sa'ar 'yata ce, bari in je mu fahimci juna. Ta goge hannu a jikin zaninta, ta je ta bayanta ta dafa mata kafaɗa. Hannun da sauran damshi, ya bar shaida a farar riga. Matar nan ta yi tsalle kamar ta taka wuta.

"Ni kika sa wa hannu?"

"Ranki ya daɗe, magana nake so mu yi."

Kin san wanda ba ya ji sosai da ɗaga murya. Sai aka ce Yaya ta cakume ta, ta kuma yi mata tsawa.

Manaja ya zaunar da Mai Makullai a kujera mai laushi ya saurare ta tsaf. Mu ma ya kira mu ɗaya bayan ɗaya. Yaya kaɗai bai kira ba, wai kada rigima ta ƙaru. Ita da maganar ke kanta fa! Na ce masa, ranka ya daɗe, sauko ƙasa lokacin da injina ke aiki, ka tsaya bakin ƙofa ka kira ni, in na juyo ka kore mu duka. Ya yi murmushi ya ce za su duba. Matakala ce kawai tsakaninmu, ƙafarsa ba ta taɓa taka ta ba.

Yaya ta yini a benci tana jiran a kira ta. Da yamma maigadi aka aiko. Bawan Allah ya faɗa a hankali don ya rufa mata asiri, ba ta ji ba. Dole ya sa baki a kunnenta na dama ya ɗaga murya, gaban masu wucewa, cewa kada ta zo gobe.

Wankin hannu ta koma yi wa maƙwabta har yatsunta suka tsattsage. Ita ba ta taɓa zagin kowa ba. Ni na zagar mata.

Ba a jima ba muryar Mai Makullai ta dishe da kiran bakin ƙofa, ta fara shigowa ciki tana dafa mutane. Ran da ta dafa ni sai da na gama goge wuyan rigar da ke gabana, na ajiye dutsen guga, sannan na juyo. Na ce mata, "Wannan hannun da kika ɗora mini, a kansa aka kori Yayata."

Ta janye shi a hankali, ta ce tawul take so. Ko haƙuri ba ta ce a ba Yaya ba.