Ƙafar da ta riga Yaya Usman shiga ƙasa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Usman, amma ƙafarsa ta hagu ta riga shi shiga ƙasa da shekara uku. Ciwon sukari ne ya ci ta. Ranar da likitoci suka yanke ta, ni na karɓo ta a naɗe cikin farin ƙyalle, na kai maƙabarta a Omdurman na binne, kamar yadda aka saba.

Yaya mai buga tubali ne a Aljirif, bakin kogi. Rabin rayuwarsa da ƙafa yake kwaɓa laka, ban taɓa jin ya yi raki ba. Shi ya sa na ruɗe da ya dawo gida ya fara kukan ƙaiƙayi, wai a tsakanin yatsun ƙafar da babu ita.

"Ya akui, ɗan'uwana, je ka duba ramin da ka binne ta," ya ce mini wata Juma'a. "Tururuwa sun shiga. Wallahi ina jin su."

Ban je ba. Na koma rumfata a Kasuwar Libiya ta Omdurman na shaida wa 'yan'uwa cewa kan Yaya ya taɓu, na kuma kawo malami ya yi masa ruƙiyya. Ya zauna har aka gama. Daga ranar bai ƙara yi mini maganar ƙafar ba, ni kuwa da wautata na ɗauka ya warke.

Matarsa Nafisa ce kaɗai ta yarda da shi. Takan zauna a ƙarshen gadonsa, ta tambaye shi wane yatsa ne, ta riƙa sosa ƙafar katakon da aka yi masa yana kallo, har ya sauke ajiyar zuciya. Na taɓa yi mata faɗa, na ce tana ƙara masa ruɗu. Sai ta ci gaba da susarta.

Bara 'yarsu Sumayya, wadda yanzu likita ce, ta warware mini abin.

"Ammi, fata ba ta jin komai ita kaɗai," in ji ta; Ammi take ce mini, wato baffa. "Jijiyoyi ke ɗaukar saƙon zafi ko ƙaiƙayi, su bi ta lakar baya zuwa ƙwaƙwalwa. An yanke ƙafar, amma guntun jijiyar yana ta aikawa, ƙwaƙwalwa kuma ba ta manta da yatsun ba. Susa ma ɗan zafi ne da ke danne saƙon ƙaiƙayi. Baba ba shi da inda zai sosa."

Da yana raye ya ji wannan, na san dariya zai yi, ya ce ashe duk rayuwarsa laka ce ke juya shi, ta kogi da ta baya. Sannan ya dube ni, ba zai ce komai ba, don shi ba mai gori ba ne. Wannan shirun nasa ne har yau yake damuna.

Tubalin da ya buga yana nan cikin katangun gidajen mutane, ba wanda ya san sunansa. Abin da ya bar mini ni daban ne: yanzu in mutum ya ce wani wuri yana masa ciwo, ba na cewa ya nuna mini. Amma shekara uku yayana yana jin ƙaiƙayi na gaske, ina zuwa gidansa duk Juma'a da hannuwana biyu, ban sosa masa ba ko sau ɗaya.